Siraran Tayoyin Ameer

"Malam, motata ce ko taka? Na ce ka ɗaura min siraran nan!"

Ameer ya daki tayar da ƙafa. Jiya ya sayi sababbin wili masu ƙyalli, ƙarafan da taya ke zama a kai, yau kuma wannan dattijo mai sayar da taya a Kado yana neman ɓata masa rana.

Malam Mato ya sake auna wilin. "Oga, wilinka ya fi tayar nan faɗi. Ko na matsa mata ta zauna, rami ɗaya za ka faɗa ta fice. Ga wadda ta dace da shi nan."

"Wannan mummunar? Kai da faci kawai ka iya, me ka sani a harkar mota? Shi ya sa ka tsufa a bakin titi!"

Dattijon ya ajiye abin awonsa. "Ba da hannuna ba."

Ameer ya figi mota zuwa wani shago, aka ɗaura masa abin da yake so.

Da la'asar ya isa Kuje, zuwansa na farko gaida mahaifin Nabilah, yarinyar da yake son aura. Ya durƙusa a ƙofar gida, kansa a sunkuye.

Mai gidan ya fito. Ya zagaya motar, ya danna taya da yatsa.

"Ashe ka samu wanda ya ɗaura maka," in ji Malam Mato. "Zagin na yafe. Amma 'yata ba za ta shiga motar nan ba, balle gidanka."