Wanda Ya Kankare Sunan Auwalu

Ranar Litinin, bakwai ga watan Yuni, 1993, tsakanin tashin ɗalibai da sallar azahar, wani ya sa reza ya kankare suna na huɗu a takardar waɗanda suka ci jarrabawar shiga sakandare, a wata firamare da ke gefen Dudunni. Sunan Auwalu ne, ɗan makiyaya. Malam Ɗanmaliki, wanda ya koyar da ajinsu, bai taɓa kuskuren ranar ba. In wani ya ce Talata ce, sai ya gyara masa da tsawa.

Gari ya daɗe da ɗora laifin a kan hedimasta, shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Malam ya yi ritaya ya koma Kankia, maganar tana cin sa kamar gara.

Da hutun bana jikarsa Zuhura, ɗiyar ɗansa Kabir, ta dawo daga jami'a da wani irin wasa. Mutane za su zauna a tabarma, kowa ya ɗauki matsayin wani: wannan maharbi, wancan sarauniya. Mutum guda yana jan labari, ƙwayar ludo tana yanke abin da aka yi gardama a kai. Tana so ta tsara nata, a kan yadda mugunta ke cin mutumin kirki, amma mugun nata ya ƙi yin rai.

Malam ya karanta littafinta da jan biro a hannu.

"Amarya, mi ne ne wannan? Dodo mai ƙaho? Kin taɓa ganin azzalumi da ƙaho?"

"To tsoho mai ran ƙarfe, gyara mana."

Ya gyara. Ya zana taswira a bayan tsohuwar kalanda. Ya soke dodon, ya sa Magatakarda, mutum mai tsabta da tsoron Allah, wanda ya tsinci alƙalamin aljanu. Duk abin da alƙalamin ya rubuta yana tabbata, amma ba ya rubutu sai an kankare wani abu. Wanda ya yi amfani da shi, a ajiye masa baƙar tsakuwa a gabansa.

"Na farko don tausayi zai yi," in ji Malam. "Maraya zai ƙara wa maki biyu. Na biyu don kunyar maƙwabci. Kafin na biyar, abin ya zame masa jiki."

Duk Asabar bayan la'asar ake zama a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Sagir, wani matashin malamin firamare, shi ya ɗauki Magatakarda. Ya rantse ba zai taɓa alƙalamin ba. Mako na uku tsakuwa shida ne a gabansa, yana dariya yana cewa ai duk don alheri ne. Malam bai yi dariya ba.

Da labarin ya kai inda Magatakarda ya kankare sunan ɗan makiyayi, dattawan da ke kallo suka dubi juna. Sauran 'yan wasa suka ce a kashe mugun a huta. Malam ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ba a kashe shi! Kisa sauƙi ne. Mutuwa ta mayar wa yaron da shekara talatin? Na gan shi a kasuwar Kusada, furfura ta fito masa, ɗan kamasho yana karanta masa takardar cinikin sansa. Yaron da ya fi kowa lissafi a ajina! Kuma an bar mamaci da ɗaukar kayan da ba nasa ba. Mai laifin yana raye, yana cin tuwo, ana gaishe shi."

Zuhura ta tambaye shi ko wane ne. Ya ce ta rubuta doka ta ƙarshe: wasa ba ya ƙarewa sai an nemi gafara a bainar jama'a.

Asabar ta ƙarshe ya aika babur aka ɗauko Auwalu. Ya gayyaci 'ya'yan marigayi hedimasta, da limamin unguwa, da duk tsoffin malaman da suka rage. Kowa yana satar kallon na kusa da shi. Auwalu ya zauna a bakin tabarma, yana juya hularsa, bai san dalilin kiran ba.

Sagir ya yunƙura zai miƙe a matsayin Magatakarda.

"Zauna, Malam Sagir. Naka wasa ne." Tsohon ya ci gaba, bai ci harafi ko ɗaya ba. "Ba na karɓar raɗa, ba na karɓar aike. Wanda ya kankare sunan Auwalu ya rubuta na ɗan cikinsa, ina neman ya miƙe yanzu, gaban Allah da gaban mutane, ya roƙe shi gafara."

Babu wanda ya motsa.

Sai Malam Ɗanmaliki ya miƙa wa Zuhura hannu ya ce, "Taimake ni in tashi, ɗiyar Kabir. Sunan ubanki na rubuta."