Ƙwayar da Ke Kan Tsamiya

A lokacin kowa a ƙauyenmu yana rataye da 'yar ƙwayar saƙo a wuya, ba ta fi ƙwallon dabino ba. Ba ta cin wuta, kuma takan miƙa magana ga 'yar'uwarta, ita ma ta miƙa gaba, har ta isa dogon ƙarfen sadarwa na kasuwa, daga nan ta shiga duniya.

Ranar da Malam Mati, mijina, ya faɗi a gona, ya rataye tasa a reshen tsamiya tare da rigarsa, yadda manoma suke yi. Aka kawo mini rigar, aka manta ƙwayar. Kullum da safe sai wayata, mai faɗa mini inda ƙwayarsa take, ta ce, "Mati yana gona."

Da na fita takaba na tafi in cire ta, don zuciyata ta gaji. A gindin tsamiyar na tarar da wata Bafillatana, Dije, ta sauke ƙwaryar nono tana hutawa.

Ta ce, "Yaya, kada ki taɓa. Rugarmu tana bayan dutse, maganarmu ba ta fita sai ta wannan. Da 'yata ta kasa haihuwa, ta nan aka kira ungozoma."

Na ce, "Ta mijina ce. Ya rasu."

Ta ce, "Allah ya jiƙansa. Ashe shi ke kai mana saƙo."

Na daɗe ina kallon abin yana lilo a reshe, na dawo gida hannu banza.

Washegari wayar ta ce, "Mati yana gona."

Na ce, "Sannu da aiki, Malam."