Babban Yatsan Inna

Shekarar da aka sa ni lakkwal, wato makarantar boko, a Gaya, zamanin Nasara, sabon haƙorina na gaba ya fito a karkace, ya leƙo waje. Yara suka laƙa mini suna Zomo. Ran nan da la'asar na dawo gida ina kuka, na miƙa wa Inna, kakata, dutsen niƙa ƙarami, na ce ta fasa haƙorin in huta.

Tana zaune tana gyaran bandar kifin da aka kawo daga Tunuga. Ta aje dutsen gefe, ta goge hannu a zani, ta kwantar da kaina bisa cinyarta. Sai ta ɗora babban yatsanta a kan haƙorin, ta danna a hankali. Yatsan duk ƙanshin hayaƙi da gishiri.

Na ce, "Inna, da zafi."

Ta ce, "Yi haƙuri, ƴar nan. Yaro ne shi ma, ba a dukansa, lallashinsa ake yi."

Tana dannawa tana ƴar waƙa, har yawuna ya jiƙa mata zani, har barci ya ɗauke ni.

Bana jikata ta zo daga Yamai da ƙarfen likita a haƙoranta, ko ƙashin kifi ba ta iya tsotsa. Ta dubi bakina ta ce, "Kaka, ke ma a sa miki mana."

Na girgiza kai. Nawa bai taɓa miƙewa ba, kuma ba na so ya miƙe. In na taɓa shi da harshe, har yau hayaƙin kifin nan nake ji.