An Dawo da Noreen Gida

Fergus ya turo mahaifiyarsa Noreen a keken guragu cikin gidan yana zage-zage ƙasa-ƙasa. Tun damina ya kai ta gidan tsofaffi, ya tare a gidanta da matarsa Shona, ya mayar da ɗakinta ma'ajiyar kayan kamun kifi. Yau ga shi ya dawo da ita, kuma ba don kewa ba.

Gidan da sunan Noreen yake. Saboda tsufanta da shanyewar ɓarin jikinta, ƙaramar hukuma ke yi mata rangwamen harajin gida, bisa sharaɗin cewa a ciki take kwana. Fergus bai ga dalilin gaya wa kowa ta tashi ba. Tun da masana'antar katako ta sallame shi, rangwamen nan ne ya hana gidan shiga kasuwa. Sai ga shi wani ya buga wa hukuma waya cewa ba ta gidan. In aka tabbatar, sai ya biya na baya, ya kuma tsaya gaban alƙali.

"Wannan tsohon munafukin Stavros ne," ya ce wa Shona. "Kullum kansa na bisa shinge kamar an ɗauke shi gadi."

Da ya tare maƙwabcin nasa, Stavros dariya ya yi. "Kai yaro, ni da ko sunan karena sai na yi tunani?"

Ita Noreen dama ba mai roƙo ba ce. Ko a can gidan tsofaffin, abu ɗaya ta taɓa nema a wurinsa, 'yar wayar hannu, wai don ta riƙa jin muryar jikokinta.

Fergus da Shona suka kwashe ƙugiyoyi da raga, suka shimfiɗa zanen gado, suka jera magungunanta a bakin taga. Ɗakin dai bai daina ƙarnin kifi ba.

Ran Laraba jami'ar hukumar ta iso, wata matashiya mai suna Talia. Ta duba gadon, ta taɓa buroshin haƙori ta ji a jiƙe yake.

"Mama ba ta taɓa kwana a waje ba," in ji Fergus. "Sharrin maƙwabta ne kawai."

"To madalla. Amma tunda an kawo ƙara, zan riƙa leƙowa ba sanarwa. Ka ba mu wuri kaɗan."

Ya fita, ya laɓe a bayan ƙofa. Kalma ɗaya daga bakin tsohuwar ta isa ta kashe shi.

"Inna, nan kike kwana?" Talia ta tambaya.

"Nan nake kwana, 'yata."

Fergus ya sauke ajiyar zuciya. Har ya juya zai tafi, sai ya ji muryar mahaifiyarsa a hankali, tana jan kalmomin da rabin baki:

"Ki riƙa zuwa dai, kamar yadda na roƙe ki a waya. Ranar da kika daina, ranar zai mayar da ni."