Tsohuwar da Ta Ƙi Magana

Jinin ya ƙi tsayawa. Dakta Ɗayyabu ya sake cusa auduga a bakin tsohuwar.

Tun shigowarta asibitinsa na haƙori da ke Zaitawa bai dubi katinta ba. Hankalinsa na kan rediyo, ana rantsar da gwamnan farar hula. Ita kuwa ta sauko da mayafi ya rufe mata fuska har hanci. Ya tambaye ta wane haƙori ne, ta yi shiru, shi kuma ya fizge wanda ya ga ya yi baƙi.

Sai yanzu ya duba katin. Ba wannan haƙorin ne mai ciwon ba, kuma tana shan maganin tsinka jini.

Ya daka mata tsawa. "Ke kurma ce? Ina cire miki lafiyayye kin yi gum!"

Matarsa Bahijja ta faɗo ɗakin tana haki. "Ina Inna? Na ce ta jira ni!" Ta ga jinin, ta ɗora hannu a ka. "Dakta, mahaifiyata ce! Yaushe ka taɓa jin muryarta a gaban surukinta?"

Tsohuwar ta ƙara jan mayafinta ƙasa, don kada ya ji kunya.