Jirgin da Ba Ya Shan Baƙin Mai

Baƙin man bai ragu ba. Hunsu ya sake leƙa tankin, ya jijjiga jirgin, ya tsoma yatsa. Yana nan har wuya, inda ya cika shi ranar da ya sayo jirgin, duk da ya tuƙo shi har gida da fetur ɗin da ya tarar a ciki.

Da wani sakarai ne, murna zai yi. Hunsu kuwa ya san irin wannan inji. Ɗan'uwan na babur ne, da fetur da baƙin mai yake rayuwa, kuma wani ɗan famfo ne ke ɗiga masa man ta tiyo. In tanki bai ragu ba, to inji a bushe zai yi gudu, kuma ba ya sallama kafin ya ƙame. Sai an kai tsakiyar ruwa.

Ga shi yau ce ranar. Iya Mautin, bazawarar da ke bandar kifi a gaɓar Badagry, ta yarda ya tsallaka da ita zuwa sunan jikan yayarta. Ya daɗe yana yi mata murmushi da wushiryar nan tasa, wadda ya rantse ta taɓa hana 'yan matan Kwatano barci. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: in aka kaɗa ƙararrawar coci jirginsa bai tashi ba, kwalekwalen Whenu za ta shiga. Whenu fa! Mai jigilar kwakwa, mai haƙora a cunkushe kamar masara.

Dillalin da ya sayar masa a Ikko ya gaya masa, "Oga, ka riƙa zuba baƙin man a cikin fetur kawai, haka masu shi na baya suke yi." Hunsu ya yi tsaki. Shi ɗan acaɓa ne? Shi da ya taɓa mallakar irin wannan jirgi, shuɗi, tun Badagry ba ta san akwai jirgin da ke feso ruwa ta baya ba farfela ba? Kowa a gaɓar nan ya haddace labarin yadda ya manna wa wani ɗan gatan Ikko shi da tsada, yaron ya biya ya tafi yana godiya. Don haka da safen nan tsurar fetur ya ɗura, baƙin mansa duk yana cikin nasa tankin.

Ya ɗage murfin inji, ya zura kai. Asuwakin bakinsa ya koma dama, ya dawo hagu. Wayar famfo lafiya lau. Hannunsa ya lalubo ƙusar fitar da iska ba tare da ya duba ba, can a wani lungu da ko makanike sai ya sha wuya. Baiwa ke nan, in ji shi a ransa. Ya kwance ta. Ya kamata mai ya tsattsafo. Ko ɗigo.

"Kyaftin!" Whenu ne daga kwalekwalensa, yana ɓare gyaɗa. "Yau tafiya za a yi, ko tiyata?"

"Ka ji da kwakwarka, ɗan'uwa. Manya na aiki."

Sukurudireba ta zame masa, ta karce sabon jan fentin. Ya yi maza ya jefa tsumma a wurin, don ya hango ɗaurin kai yana gangarowa. Iya Mautin ce cikin anko, da kwanon banda a hannu. Ta tsaya, ta dube shi, ta dubi hasumiyar coci.

"Yanzun nan, ranki ya daɗe. Gaisawa kawai muke da injin."

Gumi ya cika masa ido. Ya bi tiyon da yatsa tun daga tanki, yana latsawa. Laushi, laushi, sai ga tauri dab da bakin famfo. Ya haska, ya gane komai. Jikin famfon a tsage yake. Wani mugu, maimakon ya canza shi, sai ya toshe tiyon don kada mai saye ya ga yoyo.

Ya sa fulaya ya zaro abin. Wani guntun icce ne kamar ɗan yatsa, ya yi baƙi ƙirin da mai. Hunsu ya miƙe tsaye a cikin jirgin, ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku zo ku ga zalunci! Ni Hunsu, da ban taɓa cutar ko ƙaguwa ba, ni aka yi wa wannan! Wanda ya aikata haka a ba shi amanar akuya? Balle mace! Duk macen da ta sa ƙafa a jirginsa, ita ta so wa kanta!"

Ya juya ya sakar wa Iya Mautin murmushi, duka haƙoran a waje.

"Mu gani," in ji ta.

Ta karɓa, ta ja tsumman nan ta goge iccen. Ta juya shi. Ta dubi bakin Hunsu, ta sake duban iccen, ta daɗe. Ƙararrawa ta fara kaɗawa.

"Ka yi gaskiya, Oga Hunsu," ta ce, ta danƙa masa abinsa a tafin hannu. "Whenu, riƙe min kwanon nan."

Yana tsaye baki buɗe kwalekwalen ya juya hanci. Sai idonsa ya sauka inda tsumman ya tashi. A ƙarƙashin jan fentin, karcen shuɗi ne.

Ya buɗe tafin hannunsa a hankali. Guntun asuwaki ne da aka datse da baki, ga sawun haƙoran gaba guda biyu raɗau, a tsakaninsu kuma wata kyakkyawar wushirya.