Tukunyar Inna a Rumfar Baba Sidi

Tun da aka hana haƙo ƙarfe, duk mai son sabon abu sai ya kawo tsoho a narkar. Shi ya sa Talatu ta rungumo tukunyar marigayiya innarta zuwa rumfar Baba Sidi, tsohon ɗan gwangwan da yanzu ƙarfen Kano kaf ke bi ta hannunsa. Bikin 'yarta saura sati biyu, kuma ba a kai amarya da tsohuwar tukunya.

Ta ajiye ta, amma ta kasa saki.

"Baba, daga nan ina za ta?"

Bai ko kalli na'urarsa mai nuna inda kowane ƙarfe zai je ba. Ya ƙwanƙwasa gindinta, ya saurara.

"Yau ta kwana unguwar Dakata, gobe maƙera. Zan ce kada a gauraya ta da ta kowa. Laraba ki zo ki karɓe ta sabuwa, 'yata."

Talatu ta saki. Mutumin nan ko cokali bai taɓa ɓatarwa ba.

"Kai rabuwa ba ta damunka, Baba?"

Ya yi dariya, ya bubbuga gwiwarsa, inda likitoci suka sa masa ƙarfe.

"Wannan ma an yi masa wuri. Ranar da na rasu, garma zai zama a Bichi. Na ma je na ga manomin. Mutumin kirki ne."